Zanen Baƙo da Tarihinmu: Jawabi ga Taron Malaman Reshe

Shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, barkanmu da haɗuwa.

Akwai wani tsohon zane da ake yawan gani a littattafan tarihi: birnin Kano an hango shi daga kan Dutsen Dala. Asalinsa daga Heinrich Barth ne, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Barth ya yi zanen farko, sannan wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, ya ƙawata shi domin littafin da aka buga a 1857 zuwa 1858.

Mu lura da yadda aka tsara shi. Tamkar dandalin wasan kwaikwayo yake: mai kallo yana sama, gari yana shimfiɗe a ƙasa, mazaunansa ba su da baki. Barth malami ne, ya ji Hausa, ya kuma yabi saƙa da rinin Kanawa. Amma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma abin da ya rubuta game da kasuwa da hanyoyi ya buɗe idon masu kwaɗayi. A 1884 aka zauna a Balin kan rabon Afirka. A farkon 1903 sojojin Ingila suka taso daga Zariya, suka buɗe wa ƙofar Bebeji wuta, kana suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Ba cewa muke yi a yar da zanen ba, domin shaida ce mai daraja. Roƙonmu shi ne, duk sa'ad da muka ɗaga shi a gaban aji, mu koya wa ɗalibi ya tambaya: wa ya zana, wa aka zana wa, muryar wa aka bari a waje? Mu haɗa masa da labarin Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi Barth zuwa Turai, ya kuma ba da labarin Turawa da Hausa. Mu tura yara wurin dattawan Bebeji su ji abin da kakanni suka riƙe, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu.

Idan muka yi sakaci, 'ya'yanmu za su tashi suna kallon garinsu da idon baƙo. Allah Ya yi mana jagora.