Tukar Rake da Birkin Mota

'Yan uwana matasan Gaya, ku dubi tukar raken nan da muke zubarwa a hanyar gadar Malanville. A shekarar 2010, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bayyana yadda suka niƙa busasshiyar tukar rake, suka kwaɓa ta da gam na masana'anta, suka matse, sai ga takalmin birkin mota wanda babu asbestos cikinsa. Ƙurar asbestos na jawo sankarar huhu, kuma makanikanmu ne ke shaƙar ƙurar birki kullum a gareji.

Aikin ɗakin gwaji ne, sai an gwada shi bisa hanyoyinmu. To, rake muna da shi, buntun shinkafa ma haka. Ni dai kirana, mu nemi Jami'ar Dosso ta ɗauki wannan bincike tare da makanikan Gaya.