Injin Ban Ruwa Ya Tsaya: A Kai Wa Bakanike

Jawabin wannan wata na manoman rani ne, musamman masu injin ban ruwa.

A da, da jigo ake ban ruwa a fadama. Mutum ya wuni yana jan guga, abin da zai shayar bai taka kara ya karya ba. Amma in jigo ya lalace, igiya ce ko itace, mai shi ya gyara abinsa. A shekarun 1980 ne ƙananan injuna masu shan fetur suka fara bazuwa a karkara, ta hannun hukumomin raya aikin gona na jihohi, irin su KNARDA ta Kano. Da shirin Fadama na ƙasa ya kankama a 1993, sai suka ƙara yawa. Inji ya kawo sauƙi ƙwarai. Sai dai shi ba jigo ba ne. A cikinsa akwai abubuwan da ba a gane su sai an koya.

A ɗauki misalin manomi mai gonar tumatir. Watan Janairu ne, tumatir ya fara fure. Ya yi sammako, ya ja igiyar inji, inji ya ƙi tashi. Ya ja, ya ja, har kafaɗa ta yi tsami. Sai ya ce a ransa, "Wannan ɗan abu ba sai an kai gari ba." Ya aro filaya, ya shimfiɗa buhu, ya fara kwance-kwance. Maƙwabcinsa ya zo ya ce fulogi ne. Wani ya ce kafireta ce. Kowa da tasa.

Rana ta faɗi, inji bai tashi ba. Washegari ma haka. Noti biyu sun ɓace a cikin yashi. Ga ciyawa ta taso ba a cire ba, ga taki a ɗaki ba a zuba ba. Ƙasar gona ta fara tsagewa. Tumatir kuwa in ya ji ƙishi yana cikin fure, furen kakkaɓewa yake yi, kuma furen da ya zube ba ya komawa. Da dare mutumin nan ba ya barci. Yana juyi yana lissafin kuɗin iri, da na taki, da bashin da ya ci. Ko tuwo ba ya masa daɗi. Iyali su yi magana ya hau su da faɗa.

Rana ta uku ya haƙura. Ya tattara sassan a buhu, ya ɗaura a babur, ya nufi wurin bakanike. Bakanike ya duba, ya shinshina man, ya ce datti ne da ruwa suka shiga fetur, suka toshe kafireta. Ya wanke, ya harhaɗa, ya ja igiya. Inji ya ɗauka.

Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san irin ajiyar zuciyar da ake yi a lokacin. Hasali ma sauƙin yakan fara tun kafin injin ya tashi. Da zarar an miƙa kayan ga wanda ya san su, sai a ji kamar an sauke dami daga ka. Damuwar ta koma hannun mai ita. Shi kuma manomi ya koma ga abin da ya fi kowa sani: gyaran hanyar ruwa, da cirar ciyawa, da duba tsutsa a ganye. Aikin da ya tsaya cik kwana biyu ya ci gaba da tafiya. A daren nan ya yi barci.

To, me ya sa gyaran kai yake ƙara ɓarna? Ga misali. A cikin kafireta akwai wata 'yar ƙofa mai kama da kafar allura, ta nan mai yake wucewa. Wasu sukan tsokane ta da waya. Ƙofar ta buɗe fiye da ƙima, inji ya riƙa zuƙar mai yana baƙin hayaƙi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Haka fulogi. Kan inji na sanholo ne, yana da laushi. In aka ɗaura fulogi a karkace, ko aka matse shi da ƙarfin tsiya, mazauninsa ya cinye. Gyaran da ɗan kuɗi kaɗan zai yi ya koma na mai yawa.

Wannan ba yana nufin manomi ya naɗe hannu ba. Akwai nasa aikin. Kafin a tada inji, a cika tukunyarsa da ruwa, domin in ya yi gudu a bushe, sil ɗin da ke hana yoyo yana ƙonewa. A duba baƙin mai kullum. Sabon inji ana canza masa baƙin mai bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100. A riƙa share matatar iska, balle da hunturu da ƙura ke yawa. A tace fetur kafin a zuba. A sa rariya a bakin tiyo don kada ya ja yashi da tsakuwa. Kuma in ruwan rijiya ya yi ƙasa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, irin wannan inji ba ya iya jawo shi. Wannan ba laifin inji ba ne, kada a kwance shi a banza.

Abin da ya wuce nan, na bakanike ne.

Amma fa ba kowane mai riƙe da sifana ne bakanike ba. A tambayi manoman da suka daɗe da inji wa yake yi masu gyara, kuma gyaran yana ƙarko? A nemi wanda ya saba da injin ban ruwa. Mai gyaran babur yana iya sanin wajen wuta da mai, amma wajen jan ruwa daban ne. In an je, a faɗi gaskiya. A faɗi yadda abin ya fara, da irin ƙarar da aka ji, da duk abin da aka taɓa. Mai ɓoye wa bakanike cewa ya kwance inji, kansa ya cuta. A yi ciniki kafin a fara aiki. In an canza wani abu, a karɓi tsohon a gani. Kayan gyara kuma akwai na ƙwarai akwai jabu, araha ba ta ado. A sa ya tada injin ya ja ruwa a gaban mai shi. Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar gyara, da abin da aka canza, da kuɗin da aka biya.

Sai maganar lokaci. Tsakiyar rani layi yake yin tsawo a wurin bakanike, kowa nasa na gaggawa ne. Gara a kai inji a duba shi da kaka, wajen watan Oktoba, tun ana haɗa iri ba a yi dashe ba. In kuma aikin rani ya ƙare, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, a zubar da ruwan tukunya, a ajiye injin a ɗaki inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba.