Kafin Mu Sayi Motar Sintiri

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Maganar da ke gaban wannan taro ita ce ta kuɗin tsaro da muka yi karo-karo, kuma ra'ayin da ya rinjaya a rassanmu shi ne a sayi mota a miƙa wa ofishin 'yan sanda na gari domin sintiri. Niyya ce kyakkyawa. To amma da yake kuɗin nan gumin jama'a ne, akwai na ɗan tireda, akwai na malamin makaranta da ya tsakura daga albashinsa, ya dace mu ji abin da masana harkar laifuffuka suka gano game da sintiri kafin a taɓa ko kwabo.

A shekarar 1972 rundunar 'yan sandan birnin Kansas ta Amurka ta yarda a gwada abin da kowa ya ɗauka ba ya bukatar gwaji. Aka ware shiyyoyi 15 aka kasa su uku. A kashi na farko aka janye sintiri, 'yan sanda ba sa shiga sai an kira su. A na biyu aka bar al'amura yadda suke. A na uku kuwa aka ninka motocin sintiri sau biyu zuwa uku. Aka shekara ana ƙirga laifuffuka, ana kuma tambayar jama'a. Da rahoton da George Kelling ya jagoranta ya fito a 1974, sai ya nuna babu wani bambancin a zo a gani tsakanin shiyyoyin, ko ta fuskar yawan laifi ko ta fuskar fargabar mutane. Hasali ma, jama'a ba su lura an canza komai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɓarawo na jin ƙarar mota tun daga nesa, ya laɓe ta wuce, ya koma bakin aikinsa.

Wannan bai nuna cewa ɗan sanda ba shi da amfani ba. Tambayar ita ce, ina ya kamata ya tsaya? A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka tantance kiraye-kirayen neman agaji fiye da 300,000 da 'yan sandan birnin Minneapolis suka samu cikin shekara guda, suka tarar rabinsu daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin kawai suka fito. Ashe laifi ma yana da matattara, kamar yadda ruwan sama ke da kwari. Daga nan Sherman da David Weisburd suka zaɓi irin waɗannan wurare 110, aka ƙara zaman 'yan sanda a rabinsu, aka kuwa ga laifi da hayaniya sun ragu a inda aka ƙara ɗin. Raguwar ba ta ban mamaki ba ce, amma ta gaske ce, kuma an maimaita irin gwajin a wasu birane an sami kusan haka.

Akwai ma abin da ya fi mota araha. A 2016 an yi gwaji a rukunonin gidajen gwamnati na birnin New York, inda aka jefa ƙuri'a aka kafa manyan fitilu a wasu, aka bar wasu. Manyan laifuffukan da ake aikatawa a waje da dare suka ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a inda aka haskaka. Kowa a nan ya san lungun da matansa da 'ya'yansa ba sa bi bayan isha'i.

Wani zai ce, ai duk wannan labarin Amurka ne. Gaskiyarsa. Shi ya sa binciken da ya fito a mujallar Science a 2021 ya fi kusa da mu. An gwada shirin kusantar da 'yan sanda ga jama'a, wato tarurrukan unguwa da sintirin ƙafa da makamantansu, a ƙasashe shida: Brazil da Kolombiya da Laberiya da Pakistan da Filifin da Uganda. Laifi bai ragu ba, amana tsakanin ɓangarorin biyu ba ta ƙaru ba. Daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, da rashin goyon bayan manya, da rashin kayan aikin da za a bi ƙorafin da jama'a suka kawo. Wannan hoton mun san shi. Tun bayan zuwan mulkin soja a 1966 aka haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya, kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya tanadi runduna guda ga ƙasa baki ɗaya. Jami'in da muka saba da shi bana, baɗi yana wata jiha. Motar da muka miƙa ta zama ta runduna, ba mu da ta cewa in an kai ta wani wuri, sannan kuɗin mai da taya da kanikanci kanmu za su dawo.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Duk waɗannan bincike-bincike a kan sata da ƙwace da rigingimun cikin gari aka yi su. 'Yan bindigar da ke fitowa daga daji wata masifa ce dabam, wadda fitila ba ta maganinta, asusun ƙungiya kuma bai kai gare ta ba; wannan nauyin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Abin da ke hannunmu shi ne fasa shago da satar babur da ƙwacen waya da matattarar masu shaye-shaye.

Saboda haka shawarar da muke gabatar wa wannan zaure ita ce a jinkirta sayen motar na wata shida. A ba kowane mai unguwa littafi, a haɗa shi da malamin makaranta ɗaya, a riƙa rubuta duk abin da ya faru: rana, lokaci, wuri, da irin laifin, ko an kai ƙara ofishin 'yan sanda ko ba a kai ba, domin mun san sau da yawa ba a kaiwa. Kada a rubuta sunan wanda ake zargi ko ɗaya, don mun ga yadda zargi kan zama sanadin ran bawan Allah a hannun fusatattun matasa. Ɗalibanmu da ke jami'o'i su tattara alƙaluman lokacin hutu. Idan wurare biyar ko shida suka fito fili, sai mu zauna da mai girma Hakimi da DPO da shugabannin 'yan banga, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana, a tsara wa zai tsaya a ina da ƙarfe nawa. In kuwa littafin ya nuna mota ake bukata, kuɗin na nan a banki, sai a saya.

Muna roƙon shugaban taro ya sa wannan shawara cikin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar la'asar. Allah ya tsare garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.