Tsutsar da Ke Kashe Ƙwari da Bakteriyar da Ke Cikinta

Shirin faɗakarwa na yau ya shafi manoman Ƙaraye da Rogo, masu noman damina da masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, waɗanda kuɗin maganin feshi ke ƙara yi musu nauyi tun daga shekarar 2016, lokacin da aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Najeriya.

Wata hanyar rage wannan nauyi tana cikin ƙasa, inda akwai wasu tsutsotsi da ake kira nematod, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa da ƙyar ido ke ganin su. Manomin tumatir ya san ɓarnar wani nau'insu, wanda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle har shuka ta yanƙwane, amma waɗanda ake magana a kansu yau ba sa taɓa shuka, ƙwari kaɗai suke farauta. Dangi biyu ne suka shahara, Steinernema da Heterorhabditis, kuma kowanne yana ɗauke da bakteriyarsa a hanji: na farko yana tare da Xenorhabdus, na biyu da Photorhabdus. Tsutsar kan shiga jikin gwazarma ko gara ta baki ko ta kafofin numfashi, ta saki bakteriyar a cikin jini, ƙwaron ya mutu cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tsutsa kibiya ce kawai, bakteriya ce dafin da ke bakinta, kuma ita ce ke narkar da gawar ta zama abincin tsutsar, tana kuma fitar da sinadaran da ke hana wasu ƙwayoyin cuta rabawa da su.

Tunda bakteriya ce ke kisan, sanin ainihin nau'inta wajibi ne, sai dai ido ba ya wadatarwa. Gaskiya ne gawar da Photorhabdus ta kashe takan yi ja, har ta ba da ɗan haske a cikin duhu, amma launi yana nuna dangi ne kawai, ba nau'i ba. Masana da kansu sun daɗe suna haɗa dangin bakteriyar biyu ƙarƙashin suna ɗaya, Xenorhabdus, wanda aka raɗa a 1979, sai a 1993 aka ware Photorhabdus bayan an gwada DNA ɗinsu, wato sinadarin gado da ke cikin kowace halitta, wanda ake karantawa a matsayin jerin haruffa huɗu.

Aikin gano nau'in yana farawa da ɗebo ƙasa mai laima daga gona, a zuba ta a gwangwani tare da tsutsar da ke ɓata saƙar zuma a amya, wadda ke zama tarko. Idan ta mutu, sai a ɗauki ɗigon jininta a raini bakteriyar a faranti, a tsamo DNA, sannan a yi amfani da dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, a kwafi wani ɗan yanki sau miliyoyi har ya isa karantawa. Yankin da aka saba zaɓa shi ne 16S, mai haruffa kusan 1,500, domin kowace bakteriya tana da shi. Bayan an karanta shi sai a kwatanta da waɗanda ke ajiye a rumbun GenBank na Amurka ta intanet. Amma nan ne mai gaggawa ke tuntuɓe, domin a waɗannan dangogi 16S na nau'o'i daban-daban yana kama da juna ƙwarai, shi ya sa ake ƙara karanta wasu yankuna kamar recA da gyrB, ko ma a karanta gadon gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa wata Photorhabdus a Cibiyar Pasteur ta Faransa a 2003.

Amfanin wannan wahala ga manomin Rogo a fili yake. Nematod ba ta jure rana da bushewa, kuma wadda ta saba da sanyin Turai ba lallai ta kai labari a zafin watan Afrilu ba, don haka ta gida ce abin nema, kuma ba a iya yawaita ta a raba wa manoma sai an tabbatar da sunanta da na bakteriyarta. Akwai kuma batun lafiya, domin nau'in Photorhabdus asymbiotica ya taɓa haddasa wa mutane gyambo a Amurka da Ostareliya, kuma binciken gado ne ke bambanta shi da 'yan'uwansa. A Ruwanda an gwada tsutsotsin ƙasar a kan tsutsar masara ta hanyar zuba su a zuciyar shuka, har aka raɗa wa wata sabuwa suna Heterorhabditis ruandica a 2021. Irin wannan bincike ya dace da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Bayero ta Kano, kuma ƙasar fadamun Ƙaraye, wadda ba ta rabuwa da laima har cikin rani, wuri ne da ya kamata a fara ɗibar samfuri.