SANA'AR GINA SHAFIN INTANET RIƘON AMANA CE: Jawabin Matasa a Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da sauran jama'ar Sabo, muna yi muku barka da zuwa.

An nemi mu yi bayanin sana'armu ta gina shafukan intanet, saboda iyaye da yawa suna ganin yaro ya duƙufa kan kwamfuta tun safe har dare, ba su san ko aiki yake yi ko wasa ba. Ga shi kuma 'yan kasuwarmu sun fara biyan kuɗi a gina musu shafin sayar da kaya, ba tare da sanin abin da za su tambayi magini ba.

To, jama'a, da HTML ake shimfiɗa rubutun shafi, da CSS ake yi masa ado, da JavaScript ake sa shi motsi. Can a bayansa akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye sunayen masu saye da lissafin kuɗi. Koyon waɗannan ba shi ne mai wuya ba. Kakanninmu da suka zo nan kurmi sun yi cinikin goro da shanu bisa bashi, kuma abin da ya riƙe kasuwarsu shi ne kowa ya san wa ya karɓi me, yaushe zai biya. Mu ma haka ne, kuma da abubuwa huɗu muke tsare amanar.

Na ɗaya, ba ma yin gyara ba mu rubuta ba. Akwai wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Duk layin da aka canja, tana ajiye sunan wanda ya canja, da lokaci, da dalilin da ya bayar. In gyaran yau ya ɓata aiki, sai a koma na jiya, ba rantse-rantse, ba nuna yatsa.

Na biyu, ba ma taɓa shafin da jama'a ke ciniki a kansa kai tsaye. Sai mun gwada a kan kwafi, abokin aiki ya duba, sannan a saki. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya saki gyara mai kuskure, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik, aka soke tashin jirage a ƙasashe da dama. In manya sun yi tuntuɓe, ina ga mu? Shi ya sa mukan gwada shafi a ƙaramar waya, a inda sabis ba shi da ƙarfi. Mukan kuma gwada shi da sunayenmu. In ba a saita shi kan tsarin haruffa na UTF-8 ba, Ɗanladi zai iya fitowa da alamar tambaya a madadin harafin farko. Suna irin Sa'adu kuwa, 'yar alamar nan da ke tsakiya takan rikita shafin da aka gina da ganganci, kuma ta wannan kafar ɓarayi ke bi su shiga rumbu.

Na uku, kullum a ajiye kwafin rumbu a wani wuri dabam, a riƙa kuma gwada dawo da shi. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbunsu bisa kuskure. Da aka je ɗauko ajiya, sai aka tarar yawancin hanyoyin ajiyar ba sa aiki, bayanan kusan awa 6 suka salwanta. Ajiyar da ba a taɓa buɗewa an duba ba, kada a dogara da ita.

Na huɗu, sirrin mutane. Ba a ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta; akan juya ta yadda ko maginin ba zai iya karantawa ba. Lambar wayar mai saye ba ta sayarwa ba ce, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Saboda haka, Alhazai, kafin ku biya magini, ku tambaye shi: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin? Ina kwafin ajiya, yaushe aka gwada shi? In ka yi tafiya, wa zai iya ci gaba da aikin? Adireshin nan ya zama da sunanku, don a shekara-shekara ake sabunta shi, in ya kuɓuce wani na iya saye. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi, kada ku ba shi aiki, ko da ɗan gida ne.

Ku kuma ƙannenmu masu koyo, ku fara da waɗannan ɗabi'u tun a aikin farko, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.