Amsar Wasiƙunku: Shin Na'urar Rage Shan Mai Tana Aiki?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke jigilar hatsi da a-kori-kura zuwa kasuwar Dawanau. Ya ce wani mai talla ya nuna masa wani ɗan mayen ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin tiyon mai, da wasu ƙwayoyi da ake jefawa cikin tanki, wai suna rage shan mai da rabi. Yana tambaya, ya saya ko kuwa?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki a nan Arewa, masu irin wannan talla suka samu kasuwa. Amsa a taƙaice ita ce, riƙe kuɗinka.

Ga dalili. Mayen ƙarfe dai ƙarfe yake ja. Ka zuba fetur a murfin kwalba, ka kawo mayen ƙarfe kusa, ka gani ko zai motsa. Ba ruwan fetur da shi. Su kuma masu ƙwaya cewa suke yi wai injinka ba ya ƙone mai sosai. Alhali lafiyayyen inji yana ƙone kusan duk man da ya shiga cikinsa. Asarar da ake yi ta zafi ce, wadda ke fita ta salansa da lagireto, kuma babu ƙwayar da ke maido da wannan. A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu ko ɗaya da ta rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. Ni kuma nakan ce, da abin naira dubu kaɗan zai rage rabin mai, ai da Toyota da Peugeot sun riga mai tallan nan sa shi tun daga masana'anta.

Amma za ka ce, ai wane ya sa, kuma ya rantse ya ga canji. Ba ƙarya yake yi ba. Mutum in ya kashe kuɗinsa, sai ya shiga lallaɓa totur yana kallon allurar mai, ya daina fizgar mota. Ƙafarsa ce ta yi aikin, na'ura ta sha yabo. Wani lokaci kuma wanda ya ɗaura abin ne yake ɗan matse kafireta a ɓoye. Mai zai ragu kaɗan, amma mota ta rasa ƙarfi a hawa, inji ya riƙa ɗaukar zafi, ƙarshenta abin da aka tara a gidan mai a kai wa bakanike har da ciko. Masu babur da masu injin ban-ruwa a fadama, ku ma da ku nake.

In kana son hujja, cika tanki maƙil, ka rubuta lambar kilomita da ke agogon motar. Yi jigilarka yadda ka saba, da lodin da ka saba, sannan ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. Raba kilomita da litar da ta shiga. Yi haka sau uku. Wannan lissafin shi ne gaskiyar motarka, kuma duk mai talla da ya ƙi yarda a gwada kayansa a kansa, ka sallame shi.

Abin da ke rage shan mai da gaske ba shi da tsada. Ka tsaya wurin mai faci ya auna maka iskar taya da safe, kafin taya ta yi zafi, domin taya mai laushi a ƙarƙashin buhu ashirin mai take sha. Ka duba fulogi da matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta. In ana lodi a kasuwa, kashe injin. Kayan da aka tula sama da kan mota kuwa iska suke tarewa, gara a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa a ɗaure tamau.

Sai wasiƙa ta gaba, wadda ta shafi ajiyar wake.