Gwani a Panteka, babu takarda

A kasuwar Panteka ta Kaduna yaro kan yi shekaru a hannun maigidansa yana koyon walda da ƙira, har ya iya haɗa injin niƙa da kansa. Ranar da kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata kuwa, takarda ake tambaya. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, mai hedikwata a nan Kaduna, tana da tsarin gwada irin waɗannan gwanaye a ba su shaida. Jihohi fa? Da yawansu sun fi son rabon kekunan ɗinki gaban kyamara bayan ɗan gajeren horo. Gara su biya wa yaran kuɗin gwajin, su sama wa masu gidansu wutar lantarki da kayan aiki.